Taƙi Ɗaya da Yatsa Uku

Duk wanda ya zauna a Riyad bai san Muhandis Almustafa ba, to bai zauna a Riyad ba, zafi kawai ya zo ya sha. Bawan Allah ne da aka tara wa ilimin inji kaf, tun daga na keken ɗinki har na jirgin sama, aka kuma haɗa masa da kyakkyawar ɗabi'ar nan ta ƙin ɓoye ilimi. Ko ba ka tambaya ba zai sanar da kai. Ko sauri kake yi, zai riƙe maka hannun riga ya sanar da kai. An taɓa ganinsa a ƙofar masallaci yana yi wa wani tsoho bayanin yadda mai ke ƙonewa a cikin inji, tsohon kuwa takalminsa kawai yake nema.

Gaskiya ne a katin iƙamarsa, na izinin zama a ƙasar, ba a rubuta muhandis ba, wato injiniya, lebura aka rubuta. Amma ya riga ya warware wa jama'a wannan: da gangan aka ɓoye shi, don kada Amurkawa su ji labari su zo su ɗauke shi. Gaskiya ne kuma a warshar da yake, wato garejin gyaran mota, aikin da aka ɗauke shi ya yi shi ne juye baƙin mai da zuba sabo. To amma wa ya kai mai juye mai sanin sirrin mota? Shekara tara yana kallon motoci ta ƙasa. Mahassada, idan ya ba da baya, suna kiransa Muhandis Juye-Mai. Masoya kuwa Na-Ditiroyit suke ce masa, don ba ya jera magana uku bai ambaci birnin nan na Amurka mai ƙera motoci ba, ko da yake tun da ya sauka a ƙasar nan iyakar tafiyarsa Jidda.

Gajere ne, mai tumbi, mai murya irin ta dogaye. Yana sa farar riga irin ta likitoci a kan kayan aiki, da biro huɗu a aljihun gaba, ba wadda ke rubutu. Yana da 'yan hannuwa ƙanana masu gajerun yatsu, waɗanda yake ɗagawa sama idan yana magana don kowa ya ga inda albarkar take. Kafin ya zo Saudiyya, shekara goma sha ɗaya ya yi yana sayar da yadi a kasuwar Maraɗi, yana auna wa mata da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Wannan zamanin shi yake kira "lokacin da nake harkar masaƙu".

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, direbobin gidaje 'yan Nijar kan taru a ɗakin wani dattijo Idrisu a unguwar Jaradiya, a ci shinkafa a sha shayi, kowa ya sauke gajiyar mako. Muhandis ba direba ba ne, amma ba ya fashi, domin ya san ana bukatarsa.

"Ku direbobi tuƙi kawai kuka sani," in ji shi, loma a baki. "Mota kuwa, jama'a, sauraronta ake yi. Ni idan mota ta gifta a titi, daga tarin da salansarta ta yi zan gaya muku shekarar da aka haife ta da cutar da za ta kashe ta. Haka ake yi a Ditiroyit."

Sai a ce masha Allah, a ci gaba da cin abinci. Ba wanda ya taɓa ƙaryata shi, don ƙaryata shi na nufin ƙarin awa guda. Ba kuma wanda ya taɓa ba shi mota, sai da Allah ya kawo Salissou.

Salissou mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, shiru-shiru, mai yawan cewa to. Shekara goma sha huɗu yana tuƙa iyalin wani tsohon Balarabe da ake kira Abu Nawwaf a unguwar Ulaisha, ya kai yara makaranta, ya kai mata kasuwa, ya kai tsohon asibiti. Rabonsa da gida shekara shida. Duk lokacin da ya ɗauko maganar hutu sai a ce bari a gama jarrabawa, bari a sha ruwa, bari a yi salla. Direban gida kuwa ba ya fita ƙasar nan sai maigidansa ya buga masa bizar tafiya da dawowa. A can ƙauye mahaifiyarsa Gogo idonta na ta raguwa. Saƙon murya na ƙarshe da ta sa aka aiko masa gajere ne: "Ka zo in gan ka tun ina gani." Salissou ya saurare shi ya fi sau hamsin.

Shi Abu Nawwaf yana da wata mota da ya fi ƙauna fiye da wasu daga cikin 'ya'yansa. Tsohuwar Kamaro ce mai ƙofa biyu, ja, ƙirar shekarun alif ɗari tara da saba'in, wadda ya dawo da ita daga Amurka lokacin da ya yi karatu yana saurayi. Injinta ya daɗe da mutuwa, tana lulluɓe a tsakar gida, Salissou na goge ta duk Alhamis. Da aka sa ranar auren autansa, sai tsoho ya rantse a cikinta zai je wurin biki, shi da kansa a sitiyari. Ya sa aka sayo masa wani lafiyayyen inji mai silinda takwas da aka cire daga wata jif ta zamani da ta yi haɗari. Manyan garejin gari duk suka ce aikin wata uku ne, biki kuwa saura mako biyar. Tsoho ya shiga faɗa da kowa, har da mai shayi. A cikin wannan faɗan ne ya ce wa Salissou ranar da motar nan ta tashi, ranar zai buga masa biza, wata uku cur.

Salissou ya kwana ya tashi da maganar. Ranar Juma'a, tsautsayi ya sa ya ambace ta a ɗakin Idrisu. Muhandis ya ajiye kofin shayi a hankali, ya gyara gilashinsa.

"Wata uku? Canjin inji? Ƙanena, waɗannan ba makanikai ba ne, masu gadin mota ne. Ka kawo mini ita. Kwana tara. Idan na ƙara ɗaya, ka cire mini rigar nan a gaban jama'a."

Da a ce zuciyar Salissou a natse take, da ya lura da yadda sauran direbobi suka sunkuyar da kai suna kallon shinkafa. Amma shi kwana tara kawai ya ji. Washegari ya kai wa maigidansa labari.

"Ka san shi, ya Salissou?" in ji tsoho.

"Na san shi, Baba. Ɗan ƙasarmu ne."

"A wuyanka?"

"A wuyana, Baba."

Abin ya zo wa Muhandis daidai. Mai warsha ya tafi hutun bazara da iyalinsa, babban makanikin wurin, wani Basudane, shi ma ya tafi ganin gida, an bar wa Muhandis mabuɗi don ya riƙa buɗewa yana rufewa. Shi kuwa ya fassara wannan da cewa an naɗa shi mudir, wato manaja. Aka jawo Kamaro aka kawo, ya zagaya ta sau uku hannu a baya, ya ɗan buga taya da ƙafa, ya ce ya gane ta, irinsu ya sha gani. Cire tsohon inji bai ba da wahala ba, tun da kwance abu ba ya bukatar ilimi. Salissou ne ke jan sarƙa idan ya samu sarari daga kai-komon gida, Muhandis na tsaye a inuwa yana cewa "a hankali, a hankali".

Matsalar ta fito ne ranar da aka zo zaunar da sabon. Inji ba ya zama kai tsaye a kan ƙarfen mota. Akwai wasu ƙafafu biyu na ƙarfe da roba, ɗaya hagu ɗaya dama, da ke riƙe shi suna shanye girgizarsa, su ake kira kujerar inji. Kowane inji kuma da inda ramukan kujerarsa suke. Na tsohon injin suna gaba, na sabon sun ɗan ja baya, tazarar da ke tsakanin rami da rami ma ba ɗaya ba ce. Masu wannan sana'a sun san maganin abin tuntuni: akwai wasu farantan ƙarfe da ake ƙerawa da awo daidai, su haɗa ramukan sabon inji da mazaunin tsohon, inji ya zauna inda ya kamata, bai yi sama ba, bai yi gaba ba. Ana sayar da su a shirye. Abu Nawwaf da kansa ya san da haka, don da ya zo dubawa ya ce a yi odarsu daga Amurka, mako biyu sun iso.

Muhandis ya dafe ƙirji kamar an zagi mahaifinsa.

"Ya shekh, ka aika Amurka neman ƙarfe alhali ga ni a tsaye? Waɗanda za su ƙera maka shi a can, kai ɗaya gare su kamar nawa, hannu biyu kamar nawa. Bambancin kawai su sai sun duba takarda. Mafi mushkila, in ji Larabawa, ba matsala. Jibi war haka kujerun nan suna gabanka, kuma sai sun fi na kamfani ƙarfi."

Tsoho ya dubi Salissou. Salissou ya lissafa mako biyu a ransa, ya tuna idon Gogo, ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan shi ne laifinsa, kuma ya san da haka har yau.

Da tsoho ya tafi, Muhandis ya naɗe hannun farar rigarsa, ya sanar cewa zai ɗauki awo. Salissou ya ciro tef ɗin awo daga akwatin kayan aikin Basudane ya miƙa masa. Muhandis ya dubi tef ɗin kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Tef na masu shakka ne. Shekara goma sha ɗaya ina awo da hannun nan, ba macen da ta taɓa dawo mini da yadi."

Ya sunkuya cikin motar, ya buɗe ɗan hannunsa, ya dafa babban yatsa a nan, ya miƙa na tsakiya can, taƙi ɗaya ke nan. Ya jera yatsu uku a kan saura. Ya rufe ido ya yi ɗan gunaguni, irin na malamin da ke duba ƙasa. Sannan ya ɗauko waya ya danna saƙon murya zuwa ga wani mai walda, Buraima, da ke aiki a wata masana'antar ƙarfe can kudu, a Birnin Masana'antu na Biyu.

"Buraima, Muhandis ke magana. Ƙarfe mai kauri, guda biyu, hagu da dama. Tsawo taƙi ɗaya da yatsa uku. Tsayi yatsa huɗu. Tsakanin rami da rami yatsa huɗu da rabi. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Ba a jima ba amsa ta zo, wata murya mai kauri cikin ladabi: "Muhandis, ba ka da shi a milimita?"

"Milimita ta Faransawa ce," in ji Muhandis. "Motar Amurka ba ta jin milimita. Yi abin da aka sa ka."

Buraima mutum ne mai bin umarni, ya yi abin da aka sa shi. Bayan kwana biyu Salissou ya kama hanyar kudu cikin ranar nan ta Riyad mai dafa ƙwaƙwalwa don ya karɓo saƙo. Bai taɓa ganin Buraima ba. Da aka kira shi ya fito, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Ashe tsohon ɗan kokowa ne, irin waɗanda ake yi wa kiɗa a fage a can gida. Ya yi murmushi ya miƙo hannu su gaisa, hannun Salissou ya shige ciki ya ɓace har wuyan hannu. Salissou ya dubi wannan tafi mai faɗin faifai, ya dubi yatsun nan kowane kamar rogo, ya tuna 'yan yatsun Muhandis. Ya tambaya da wace irin ma'auni aka auna. Buraima ya ɗaga hannunsa ya nuna masa, cikin jin daɗin wanda ya cika aiki. Walda kam ta yi kyau, ba a magana. Kujeru ne masu kyau na wata motar da ba a ƙera ba tukuna.

Duk hanyar dawowa Salissou na ta shirya yadda zai faɗi maganar ba tare da ya ɓata wa babban mutum rai ba. Da ya iso ya ajiye ƙarafan, ya ce a hankali, "Yaya Muhandis, ina ga kamar hannun Buraima ya ɗan fi naka girma."

"Taƙi taƙi ne a duk duniya," in ji Muhandis. "Ja sarƙa."

Aka ja sarƙa, aka sauke inji. Ramuka suka ƙi haɗuwa. Aka ɗaga, aka karkata, aka sake saukewa, ramin hagu na kallon gabas, na dama na kallon Makka. Mutum mai ƙaramin sani a nan zai ce an yi kuskure, a jefar da ƙarafan a yi odar na gaskiya, har yanzu da sauran lokaci. To amma Muhandis ba ƙaramin sani gare shi ba. Ya tsaya ya yi nazari, ya gano cewa kujerun daidai suke, motar ce ta tsuke. Shekara arba'in da ɗoriya tana shan rana, in ji shi, dole ƙarfe ya motse, ko mutum ma idan ya tsufa raguwa yake yi. Tun da haka ne, motar za a gyara ta dace da kujerun.

Kwana huɗu ana jin kukan injin huda da na garanda daga warshar. Ya huda sababbin ramuka a ƙashin motar, inda ba a taɓa hudawa ba tun da aka ƙera ta. Da ramin ya kauce sai ya faɗaɗa shi, da ya faɗaɗa ya yi yawa sai ya huda wani a gefensa. Inda giɓi ya rage ya yanko tsohuwar tayar babbar mota ya cusa, ya ce robar kamfani ba ta kai wannan juriya ba. A ƙarshe inji ya zauna, idan ana kiran wannan zama. Ya yi sama, ya yi gaba har fankarsa na shinshinar lagireto, ya kuma karkata hagu kamar hular ɗan gaye. Wani mai wayarin da ke maƙwabtaka, wanda aka ɗauko ya haɗa wutar injin, ya gama aikinsa, ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, ya buɗe baki zai yi magana. Muhandis ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa Ditiroyit. Mutumin ya tattara kayansa ya tafi yana girgiza kai.

Sai aka zo rufe bonet, wato murfin inji, ya ƙi rufuwa. Kan injin ya tokare shi, saura kamar yatsa uku, na Buraima. Salissou ya roƙa, ya haɗa da Allah da Annabi, ya ce a tsaya haka a kira Baba a gaya masa gaskiya. Muhandis ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi, ya ce tsoro ne ya hana baƙar fata ci gaba, ya aike shi ya sayo ruwan sanyi. Kafin ya dawo an gama. A tsakiyar jan bonet ɗin nan da Salissou ya shekara goma sha huɗu yana gogewa da tsumma mai laushi, an yanke rami mai kusurwa huɗu, ba kusurwar da ta yi kama da 'yar'uwarta, kan inji ya leƙo ta ciki. Robar ruwan ta suɓuce daga hannunsa. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya rasa ko kuka zai yi ko ihu, sai kawai ya ji yana cewa innalillahi.

Ran kwana tara, da hantsi, Abu Nawwaf ya iso cikin farar jallabiya mai guga, da sanda, da fara'ar wanda zai ga tsohon aboki. Muhandis ya lulluɓe motar da tamfol, ya wanke farar rigarsa, ya gayyato masu shagunan layin su zo su shaida. Ya yi jawabi na minti ashirin a kan tarihin mota, daga jaki zuwa yau. Sannan ya yaye tamfol.

Fara'ar tsoho ta tsaya a inda take. Ya matso, ya sa yatsa ya shafa bakin ramin, inda fenti ya ƙone.

"Wannan, ya shekh, kyauta ce daga gare ni," in ji Muhandis. "Masu tsere a Amurka haka suke yi, don inji ya sha iska. Ba kowa nake yi wa ba."

Tsoho ya ci gaba da kallon ramin. Muhandis ya ɗauki wannan a matsayin mamaki, ya shige mota, ya jawo kujera gaba har ƙarshe don ƙafarsa ta kai, ya murɗa mabuɗi. Inji ya tashi. A ba shi haƙƙinsa, ya tashi, da wani irin ruri mai daɗi da ya sa masu kallo suka ce masha Allah, har Salissou ya ji wani ɗan fata ya motsa a ransa. Motar dai na kakkarwa kamar mai zazzaɓi, madubi na rawa, amma ta tashi. Da an kashe a nan, da wataƙila an rabu da ɗan mutunci. To amma an taru, kuma Muhandis ba ya barin taro da ƙishirwa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Yanzu ku ji muryar Ditiroyit," ya taka totur har ƙasa.

Inji mai ƙarfi idan aka taka shi murɗawa yake yi, aikin kujera ke nan ta riƙe shi. Wannan ya murɗa bai sami mai riƙe shi ba. Robar taya ta yi tsalle ta fice, noti ya tsinke ya bugi rufin kwano, inji ya zabura gaba, fanka ta kama lagireto ta shiga ci kamar akuya ta samu takarda. Ruwan zafi ya yi feshi, tururi ya turnuƙe. Sannan injin ya faɗo da nauyinsa a kan ƙarfen da ke gicciye a ƙarƙashinsa, tukunyar baƙin mai ta tsage. Masu shaguna suka watse. Da hayaƙi ya lafa, ga Abu Nawwaf tsaye inda yake, baƙin mai ya malalo ya kewaye takalminsa, farar jallabiyarsa ta yi ɗigo-ɗigo har ƙirji.

Muhandis ya fito yana tari, gilashi a karkace, ya ce wannan gwaji ne na farko, a Ditiroyit ma sai an yi uku. Tsoho ko kallonsa bai yi ba. Ya juya ya dubi direbansa, ya daɗe yana dubansa, ba faɗa, ba zagi. Da ya yi zagin ma da ya fi sauƙi.

"A wuyanka ka ce, ya Salissou."

Ya miƙa hannu, Salissou ya zaro mabuɗin motar gida ya ba shi. Tsohon da ya shekara biyar bai yi tuƙi ba ya shiga ya ja abarsa da kansa, ya bar direbansa tsaye a bakin warsha.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo wayar Salissou. An buga masa biza. Ya karanta, ya sake karantawa, ya kai wa wani ɗalibi a masallaci ya karanta masa ko shi ne bai gane Larabcin ba. Ya gane. Ba ta tafiya da dawowa ba ce, ta fita ce gaba ɗaya. Zai ga Gogo, wannan kam Allah ya yi. Amma shekara goma sha huɗu na tashin asuba da haƙuri da cewa to sun tafi a cikin taka totur guda, kuma gida goma da ke ci daga hannunsa a ƙauye ba su san ya taho musu hannu rabbana ba. Baƙin cikin da ya fi ci masa rai shi ne ba wanda ya yi masa dole. Shi ya kai motar da ƙafarsa.

Juma'arsa ta ƙarshe aka yi masa sallama a ɗakin Idrisu. Direba goma sha ɗaya suka zo, aka dafa shinkafa da kaza, ba mai cin kirki. Kowa na ba shi haƙuri, wannan ya ba shi turare ya kai wa Gogo, wancan dabino. Ba wanda ya gayyaci Muhandis, saboda haka ya zo da wuri. Mai warsha ya dawo ya karɓe mabuɗinsa ya mai da shi ramin juye mai, abin da Muhandis ya bayyana da cewa ya koma bincike. Game da Kamaro kuwa ya riga ya kammala nazari: awonsa daidai ne, hannun Buraima ne ya saɓa wa ƙa'idar duniya, sannan akwai bakin mutane.

Ya ci ya ƙoshi, ya sha shayi kofi uku, ya share baki, ya miƙe tsaye don ya fi tsawo.

"Jama'a, ni ba na son yabon kai, amma gaskiya ɗaya ce. Shekara shida bawan Allahn nan yana roƙon a bar shi ya je ya ga mahaifiyarsa. Shekara shida! Ya yi kuka, ya yi addu'a, ya sa an sa baki, a banza. Da maganar ta zo hannuna, kwana nawa ta ɗauka? Na ce tara, a tara aka gama. Ga shi jibi zai hau jirgi. Salissou ƙanena, ba sai ka gode mini ba. Ka dai gaya wa Gogo, Muhandis ne ya turo mata ɗanta."

Salissou ya ɗago kai ya dube shi, ya nemi fushin da ya kwana goma yana tarawa, ya tarar mutumin da gaske yake, har idonsa ya ciko don tausayin alherin kansa. Me za ka ce wa irin wannan? Ya mai da kai ƙasa.

Muhandis ya juyo kan sauran, ya buɗe 'yan hannuwansa kamar mai rabon zakka.

"To, saura wa? Ƙofata a buɗe take. Kai Malam Idrisu, maigidanka wace mota ce yake hawa?"

Idrisu, wanda ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa mutum ɗaya, ya lallaɓa ya tura mabuɗin da ke gabansa ƙarƙashin cinyarsa.

"Wallahi Muhandis, ba shi da mota," ya ce. "Da ƙafa yake yawo."

Muhandis ya dubi na kusa da shi, ya dubi na gaba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har bakin ƙofa. Direba goma sha ɗaya, a birnin da ko burodi ba a zuwa saye da ƙafa, aka rasa wanda maigidansa ya mallaki ko keke.